Na tona asirin aminiyata a gidan suna, ta toshe lambata

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina da aminiya tun muna makarantar kwana, shekara 14 ke nan. Wata biyar da suka wuce mijinta ya yi mata saki ɗaya cikin fushi, bai bari ta bar ɗakinta ba, ya mayar da ita kafin idda ta cika. Daga mahaifiyarta sai ni muka sani. Ran nan a gidan suna muna zaune mu shida a ɗaki, wata tana kuka kan halin mijinta, sai na ce ta yi haƙuri, ai ko wance da ake sha'awar zamanta igiya biyu ta rage mata. Wallahi lallashi nake nufi. Da na koma gida hankalina ya tashi, na tura wa ɗaya daga cikinsu saƙon murya ina roƙonta kada maganar ta fita. Wannan saƙon aka yi ta turawa har ya kai ga ƙanwar mijin, ta kunna wa uwarsu. Yanzu mijin yana fushi, wai tana yawo da sirrin gidansa. Ita kuma ta rubuto min "na gode" ta toshe lambata. Mako uku ke nan ina kiranta da wayar maigidana ba ta ɗauka. In je in ba mijin haƙuri? In tunkari wadda ta tura saƙon? Anya kuwa za mu koma kamar da?

Wata 'yar'uwa daga Zariya

Amsa

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kafin komai, ki mayar wa maigidanki wayarsa, kada ki sake kiranta da ita. Wadda ta toshe lambarki ta riga ta yi magana, ta ce ba ta son jin muryarki yanzu. Kiranta da wata lamba tamkar an rufe miki ƙofa ne kin haura katanga. Ga wani abu kuma da ba ki lura da shi ba: mace ce da mijinta yake kallonta da ido na zargi a kan waya da ƙawaye, sai ga lambar namiji tana shigowa safe da yamma, ita kuma tana kashewa. Kowane kira da kika yi a makonni ukun nan nauyi ne kika ƙara mata.

Kin ce lallashi kike nufi, kuma mun yarda. Sai dai in za ki nemi gafararta, ki daina kiran abin suɓutar baki, ko a zuciyarki. Suɓutar baki shi ne ki kira ɗanki da sunan yayansa. Ke kuwa kin nemi misali, kin zaɓi nata, kin ambaci sunanta, har kin ƙirga igiyar da ta rage. Abin da ya faru shi ne kin ga mai kuka, kina son ba ta wani abu mai nauyi da zai sanyaya mata rai, kika duba ba ki samu a naki kayan ba, sai kika ɗauko na aminiyarki kika bayar. Kyauta ce da dukiyar wani. Muna matsa miki a kan wannan ne don amfaninki. Duk wadda ta ce "bakina ne ya suɓuce" tana faɗa wa wadda ta cuta cewa gobe ma zai iya suɓucewa, tunda ba a hannunta yake ba. Wadda ta ce "ni na zaɓi in faɗa" tana da abin da za ta gyara.

Ki tsaya ki auna abin da ta rasa, domin haƙurin da ba a san girman ɓarnarsa ba, ba ya kama zuciya. Saki ɗaya da aka yi kome a cikin idda, mace ba ta fita ba, shi ne yadda ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta tsara: kada a fitar da su daga ɗakunansu, wataƙila Allah Ya kawo wani al'amari bayan haka. Su biyun sun bi wannan, Allah Ya rufa musu asiri, ko maƙwabta ba su ji ba. Yanzu dangin miji sun san igiya biyu ta rage, kuma kin san yadda ake amfani da irin wannan sani ranar da aka saɓa a gidan biki ko wurin rabon abinci. Uwar miji ta ji cewa an yi saki an yi kome ba a sanar da ita ba, alhali uwar matar ta sani, wannan ma wani ciwo ne daban da ɗanta zai sha faɗa a kansa, shi kuma ya dawo gida ya sauke. Mafi girma duka, aminiyarki tana kwance da dare tana bin shekara 14 ɗaya bayan ɗaya, tana tuna duk abin da ta taɓa faɗa miki, tana tambayar kanta wanne ne ya fita, wanne ne bai fita ba. Wannan tambayar ce ta toshe lambarki.

Kada kuma wani ya rage miki laifi da cewa ai ba ta ce kada ki faɗa ba, ko ai gaskiya kika faɗa. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir cewa idan mutum ya yi magana sannan ya waiga, to maganar amana ce. Waigen kaɗai ya isa. A Sahihu Muslim kuma, da aka tambayi Manzon Allah (SAW) idan abin da aka faɗa game da mutum gaskiya ne fa, sai ya ce ai ita ce gibar, idan babu shi a tare da shi kuwa ƙage aka yi masa.

To yanzu aiki. Ki ɗauki takarda da biro, ba waya ba, ki rubuta sunan duk wanda ya ji maganar nan daga bakinki. Mata biyar na ɗakin suna. Wadda kika tura wa murya tana cikinsu. Sai kuma waɗanda wasiƙarki ta tsallake: maigidanki da kike ara wayarsa, me kika ce masa dalilin fushinta? Yayarki fa, ko wata ƙawa da kika kai wa kukan an toshe ki? Yawancin masu irin wannan kuskure suna tona asirin sau biyu, na farko a wurin da aka yi ɓarnar, na biyu a wurin neman shawarar yadda za a gyara. Ki rubuta kowa, har wanda kike jin kunyar rubutawa. Takardar za ta yi miki amfani nan gaba. Ki ɓoye ta, bayan an gama ki ƙone ta.

Game da saƙon muryar, babu sauran dabarar waya da za ta cece ki. Goge saƙo ga kowa a WhatsApp yana aiki ne cikin kwana biyu ko kusa da haka, kuma ko a lokacin, kwafin da ke tsakaninki da wadda kika tura wa kaɗai yake gogewa. Wanda aka riga aka tura gaba yana nan a wayoyin mutane. Saƙon da aka tura gaba ba ya nuna sunan wanda ya fara aiko shi, amma murya ba ta buƙatar suna. Abin da ya fita a ɗakin suna jita-jita ce da za a iya cewa "ban ji da kyau ba". Saƙonki ne ya mayar da ita shaida. Saboda haka daga yau kada ki sake naɗar murya ko rubuta ko kalma ɗaya a waya game da wannan magana, ko ta neman gafara ce. Kada ki sa komai a sitatus, ba ayar haƙuri, ba hoton zuciya a fashe, ba habaicin munafukai. Duk wanda ya san labarin zai karanta, wanda bai sani ba zai tambaya.

Wadda ta tura saƙon, ki je wurinta sau ɗaya, da ƙafarki, ita kaɗai. Ba faɗa za ki je yi ba. Ki ce mata kin yi kuskure, kina roƙon ta goge saƙon a gabanki, ta kuma roƙi wadda ta tura wa ta goge. Shi ke nan, minti biyar. Ta yi annamimanci, gaskiya ne, kuma nata yana tsakaninta da Ubangijinta. Amma idan kika ɗaga murya za ta ba ki amsar da ba ki da maganinta: ke da kike aminiyarta ba ki riƙe ba, ni zan riƙe miki? Daga nan kuma sabon labari ya samu, wance da wance sun yi faɗa a kan sakin wance, waɗanda ba su ji na farko ba su ji ta na biyu. Laifi tudu ne. Ki tsaya a kan naki tukuna.

Za a samu masu ba ki shawarar ki janye, ki ce wasa kike yi ko kin ji ba daidai ba. Kada ki yi. Mijin ya san gaskiya ne, uwarsa ta riga ta tambaye shi, muryarki kuma tana nan tana roƙon a rufa. Ƙarya a nan za ta nuna wa aminiyarki cewa har yanzu kanki kike karewa. Sannan maganar igiya ba abin wasa ba ce. Idan wata rana, Allah Ya kiyaye, aka kai ga ƙirga saki a gaban malami ko alƙali, ba kya son a ce akwai wadda ta taɓa shaida cewa na farkon bai faru ba. Idan wata ta tayar miki da zancen a wurin taro, amsarki guda ce, ki haddace ta: "Ni na shiga abin da ba nawa ba, na yi kuskure. A bar maganar don Allah." Kada ki ƙara komai a kai, ko da an ce ai an riga an sani. Wanda ya ce miki an riga an sani, yawanci rabi ya sani, sauran rabin yake nema a bakinki.

Mijin kuwa, a'a. Ba ki da hurumin zuwa wurinsa. Idan kika je, zai ga shaidar abin da yake zargi a tsaye a gabansa, wato ƙawar matarsa ta san cikin gidansa har tana zuwa sasanci. Kuma kin sake yanke hukunci a kan aurenta ba da izininta ba, wanda shi ne asalin laifin. Abu ɗaya ne kike da shi mai amfani gare shi: shaidar cewa matarsa ba yawo ta yi da maganar ba, bayan mahaifiyarta mutum ɗaya ta faɗa wa a lokacin da take cikin ƙunci, wannan mutum ɗayan ce ta ci amana. Wannan shaidar tata ce. Ki miƙa mata, ita za ta zaɓi ko a isar, da wanda zai isar, da lokacin.

Hanyarki zuwa gare ta ita ce mahaifiyarta, don dalili guda: tana cikin sirrin tun farko, shigar da ita bai ƙara kunne ko ɗaya ba. Kada ki aiki ƙawayenku na makaranta, kada ki kai wa malamar Islamiyya, kada ki haɗa tawaga. Ki je ke kaɗai, ranar aiki da hantsi, lokacin da gida ba jikoki ba baƙi. Ki riƙe abin da kika saba kai mata, ko goro ne ko sabulu ko 'ya'yan itace, kada ki wuce haka. Babbar kyauta a irin wannan rana tana kama da toshiyar baki. Ki durƙusa ki gaishe ta yadda kika saba, ki ce: "Mama, laifi na yi, na zo in faɗa da bakina. Amanar da ta ba ni na fitar, ba wanda ya tilasta ni." Za ta iya yi miki faɗa mai zafi, za ta iya yin shiru, wanda ya fi faɗan ciwo. Ki saurara har ta gama, kada ki gyara mata ko da ta ƙara gishiri. Sannan ki roƙi abu biyu kacal: ta isar cewa kin amsa laifinki ba tare da uzuri ba, ta kuma tambayar miki ko za a ba ki minti goma. Kada ki ce "Mama ki sa baki ta yafe min". Uwa tana iya sa 'yarta ta furta yafiya a take, amma yafiyar da aka yi don kunyar uwa a leɓe take tsayawa, kuma za ta ƙara riƙe ki da cewa kin bi ta sama kin murɗe mata hannu.

Idan ta yarda ku haɗu, ya zama a gidan Mama, ba a ɗakin aurenta ba. Kada ki je da yaro. Ki kashe wayarki a gabanta ki sa a jaka, za ta fahimci abin da kike nufi ba sai kin faɗa ba. Maganarki kada ta wuce minti biyu ko uku, sauran lokacin nata ne. Ki faɗi abin da kika yi da ainihin kalmomin da kika furta, ki faɗi waɗanda suka ji, ki faɗi ɓarnar da kika san ta jawo, ki tambayi abin da take so ki yi. Misali: "Na faɗi maganar sakinki a gaban mata biyar, na ambaci sunanki. Na sake naɗar ta a murya na tura. Na jawo miki matsala da maigidanki da danginsa, na sa kina shakkar duk abin da kika taɓa faɗa min. Ba ni da uzuri. Idan akwai abin da zan yi ya rage miki wahala, ki faɗa min, ko da nisantarki ne."

Daga nan ki yi shiru. A nan ne mafi yawan mutane suke ɓata aikinsu, don shiru yana da nauyi, sai su cika shi da abin da ke rushe haƙurin. Kalmar "amma" ta fi kowacce ɓarna, duk abin da ya zo kafinta ta share shi. "Idan na ɓata miki rai" ta mayar da laifin abin shakka. "Kin dai san ni da surutu" tana nufin laifinta ne da ta yarda da ke. "Sharrin shaiɗan ne" da "haka Allah Ya ƙaddara" maganganu ne da wanda aka cuta yake da ikon faɗa idan ya huce, ba wanda ya yi cutar ba. Kada ki tuna mata shekarun da kuka yi ko hidimar da kika yi mata ranar aurenta da haihuwarta. Kada ki ɗauko Alƙur'ani ki yi rantsuwa. Hawaye kuma in sun zo ba laifi, amma ki riƙe kanki, kada abin ya juye ta zama ita ce mai lallashinki.

Kusan tabbas za ta tambaya: wa kuma kika faɗa wa? A nan takardarki za ta yi aiki. Ki lissafa kowa, har maigidanki. Idan kika ɓoye suna ɗaya don kada ki ƙara mata ɓacin rai, ta gano bayan wata biyu, duk abin da kuka gina ya rushe, kuma karo na biyu ba Mama ba, ko wa kika aika ba za a buɗe miki ba. Tana iya kuma tambaya ko akwai wani sirrinta na baya da kika taɓa fitarwa. Idan akwai wanda zai iya dawowa ya cutar da ita, tana da haƙƙin sani don ta shirya. Ƙananan tsegumi na shekarun baya da ba su kai gare ta ba kuma ba za su cutar da ita ba, malamai sun saɓa a kansu, da yawa suna ganin ya isa ki nema mata gafara, ki ambace ta da alheri a inda kika taɓa ambatonta da akasinsa, maimakon ki zube mata su ki ƙara mata ciwo. Amma idan ta tambaye ki kai tsaye, kada ki yi ƙarya.

Idan ta ƙi haɗuwa, haƙƙinta ne. Ki rubuta takarda da hannunki, shafi ɗaya, ki ba Mama. Kada kalmar saki ko sunan mijinta ko sunan kowa ya fito a ciki, don takarda tana faɗawa hannun yaro ko hannun miji. "Na ci amanarki, ba ni da uzuri, ina neman gafararki, ba zan dame ki ba har sai kin so" ya wadatar. Sau ɗaya za ki aika. Bayan haka sai haƙƙoƙin da ba sa faɗuwa: ki yi mata sallama idan kun haɗu, ki je dubiya idan an yi rashin lafiya, ki je gaisuwa idan an yi rasuwa, ki yi barka idan an haihu. Ki je, ki gaisa, ki tashi da wuri. Kada ki bi ta ɗaki, kada ki ja hannunta gefe a cikin taro.

Akwai hadisin Abu Ayyub al-Ansari a Buhari da Muslim, cewa bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da dare uku ba, kuma mafi alherinsu shi ne mai fara sallama. Ki ɗauki rabonki a ciki, wato fara sallama. Kada ki tura mata shi, kada ki sa a karanta mata shi. Wadda ta yi cuta ba ta zama mai wa'azi ga wadda ta cuta. Malamai da dama sun tafi a kan cewa sallama da amsa ta suna kawar da gaba, saboda haka idan tana amsa sallamarki ta sauke nata nauyin, ko da ba ta buɗe lambarki ba.

Ko za ku koma kamar da? Ba za mu yi miki alkawari ba. Yafiya daban, yarda daban. Tana iya yafe miki yau tsakani da Allah, ta kuma ƙi sake ba ki ajiyar magana har ku tsufa, kuma ba ta yi laifi ba, don mumini ba a sararsa sau biyu daga rami ɗaya. Abin da aka fi gani shi ne zumunci yana dawowa mataki-mataki: gaisuwa, sai hirar yara da makaranta da tsadar kasuwa, sai wata rana ta faɗa miki ɗan ƙaramin abu ta zuba ido ta ga ko zai dawo mata ta bakin wani. Ba za ki san wanne ne gwajin ba, don haka ki ɗauki kowanne a matsayin gwaji. A wannan lokacin kada gaisuwarki ta wuce "ya maigida, ya yara". Kada ki tambayi yadda aka ƙare da uwar miji. Kada ki yi ƙorafin ta canza miki. Idan kuma kika ga ta yi sabuwar aminiya, ki haɗiye. Ko da abotar ta mutu ɗungurungum, abin da ta ajiye a wurinki na shekara 14 yana nan amana, fushi ko rabuwa ba sa halatta shi.

Sauran aikin na bakinki ne, kuma ya fi na neman gafara tsawo. Buhari ya kawo labarin Umar lokacin da 'yarsa Hafsa ta rasa mijinta. Ya yi wa Usman tayinta, Usman ya ce ba ya nufin aure a lokacin. Ya yi wa Abubakar, Abubakar ya yi shiru bai ce komai ba, har Umar ya ji zafinsa fiye da na Usman. Bayan Annabi (SAW) ya aure ta ne Abubakar ya bayyana masa cewa ya ji Annabi ya ambace ta, kuma ba zai tona sirrinsa ba. Ki lura, kalma ɗaya ta isa ta wanke Abubakar a wurin abokinsa, ta kuma faranta wa Umar rai, amma ya zaɓi a ji haushinsa na 'yan kwanaki. Wurin da kika faɗi ke nan daidai. Kin kasa jure ganin mai kuka ba ki ba ta komai ba.

Mai kirki ba kasafai take tona asiri don mugunta ba, ƙofofinta daban ne. Lallashi ɗaya ne, kin san shi yanzu. Akwai neman addu'a, "ku sa wance a addu'a, tana cikin wani hali", sai a tambayi wane hali. Akwai "wata ce, ba zan faɗi sunanta ba", sannan a faɗi unguwarta da aikin mijinta da yawan 'ya'yanta. A cikin mata shida da suka san juna, bayani biyu sun isa a gane mutum. Akwai hirar dare da miji, wadda mata da yawa ba sa lissafa ta a matsayin faɗa wa wani, alhali shi ma yana da majalisa. Akwai kuma daɗin a ce ke kika fara sani, wanda babu mai amsa cewa yana jinsa amma kowa yana ji. Ki zauna ki gano waɗanda suka fi kama ki.

Dabarun da ke aiki ƙanana ne. Idan za ki ba da misali don lallashi, ki ba da naki, ko na magabata, ko ki riƙe hannun mai kukan ki yi shiru, ya fi misali amfani. Duk jimlar da ta fara da "ai ko wance ma" ko "kada ki faɗa wa kowa", ki yanke ta a nan, ki sha ruwa, ki tashi ki duba yaro. Idan wata ta fara ba ki sirri, ki tambaye ta a take wa ya sani, kuma ko maigidanki yana cikin waɗanda za su iya ji. Idan kin san ba za ki iya riƙewa ba, ki ce mata kada ta faɗa miki, wannan ba abin kunya ba ne, ya fi abin da kike ciki yanzu sauƙi nesa ba kusa ba. Maganar wani kada ta shiga saƙon murya ko rubutu ko guruf, ko na 'yan'uwa ne. Saƙon da ake saurara sau ɗaya ya ɓace ma ana naɗarsa da wata wayar. Kada ki amsa irin wannan kira a sifika, kuma ki tuna yaro ɗan shekara biyar da ke wasa a ƙasa yana ji, yana kuma maimaitawa a gidan maƙwabta.

Akwai inda riƙe sirri ba ya zama dole: idan rai ko lafiya na cikin haɗari, kamar duka mai tsanani ko wadda ke maganar kashe kanta, ko idan an nemi shawararki ta gaskiya a kan wanda za a aura. A nan ma wanda zai iya magance abin kaɗai ake faɗa wa, gwargwadon buƙata, kuma in zai yiwu a sanar da mai sirrin tukuna. Naki ba ya cikin waɗannan.

Abu na ƙarshe. Matar nan da take kuka a ɗakin suna, abin da ta faɗa game da mijinta shi ma yana wuyanki. Mama za ta tambaye ki me ya kawo zancen, aminiyarki ma tana iya tambaya. Ki ce wata ce take cikin damuwa. Sunanta zai fito a cikin waɗanda suka ji, ba makawa, amma kada ki nuna ita ce mai kukan, kada ki faɗi abin da ya sa ta kuka, ko da sun matsa.